Bankwana a Ƙofar Koloni

Abdulrahim bai yi nisa da ƙofar makarantar ba ya ji ana ƙwala masa kira kamar wanda ya ɗauke wa wani kaya.

"Kai, mai shuɗiyar riga! Tsaya nan!"

Ya waiga. Wata budurwa ce ke tahowa da sauri, mayafi ya zame mata, yatsunta fari fat da alli, fuskar nan babu alamar wasa.

"Kai ka kawo Issouf?"

"Ni ne. Ɗan wana ne."

"Shi ne ka sulale ka bar shi?"

"Na ga ya shagala da ƙwallo ne. Ai haka anka saba, don kar shi yi kuka."

"To, nan ba haka munka saba ba. Wuce mu koma."

Ya bi ta, ƙato da shi, kamar ɗan ajin farko. Ko kunya bai samu damar ji ba, don hankalinsa ya tafi kan yadda idanunta ke ƙara girma in tana faɗa.

Ba shi kaɗai ke da laifin nan ba. A ƙasar Adar maza kan dawo gida da damina su yi noma, da aiki ya yi sauƙi kuma su kama hanyar Abijan ko Libiya neman abinci. Tafiyar bida ake ce mata. Kuma ba a yi wa yara bankwana. Uba ya ce zai je kasuwa, yaro ya yi ta leƙen ƙofa har ya gaji. Haka Alhusaini, wan Abdulrahim, ya yi wa ɗansa Issouf tun yana ƙarami. Ya ce zai sayo masa alewa, ga shi yaro har ya shiga lekol, wato makarantar boko, alewa ba ta iso ba.

Saboda irin waɗannan yaran ne Madam Alisabatu, tsohuwar shugabar makaranta, ta buɗe sansanin hutu a Tawa, wanda kowa ke kira koloni. Yara su zo da safe, su yi wasa, su yi waƙa da zane, su ci abinci tare, su koma gida da la'asar. Dokarta ɗaya ce mai tsauri: wanda ya kawo yaro sai ya dube shi ya yi masa bankwana, ya faɗa masa lokacin da zai dawo, kuma shi ɗin ne zai zo ɗaukarsa.

Sun tarar da Issouf ya ƙanƙame ƙarfen ƙofa. Ya riga ya ciji wani yaro da ya zo jan sa.

"Durƙusa ka faɗa mishi," in ji budurwar.

Abdulrahim ya durƙusa. "Issouf, zan tahi gona. Da la'asar zan dawo."

Yaron ya harare shi. "Ƙarya kake, Baba Abdu."

Maganar ta soke shi har cikin rai. Da la'asar tun kafin a kaɗa ƙararrawa yana tsaye a bakin ƙofa. A nan ya ji yara na kiranta Tanti Raƙiya, ya riƙe sunan.

Tun daga ranar ya rasa sukuni. In yana gona hankalinsa na koloni, in ya zo koloni ya rasa inda zai ajiye hannuwansa. Madam Alisabatu, wadda ba a ɓoye mata irin wannan abu, ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Tunda ƙafarka ta saba da nan, ga fili can bayan aji, duk tsakuwa. Koya wa ɗiyana noma."

Ya koya musu haƙa tassa, ƙananan ramukan nan da ake zuba wa taki a shuka gero, su riƙe ruwan sama ko da ƙasa ta yi tauri. Kowane yaro da raminsa. Ranar da tsiro ya fito, ihun da aka yi sai da maƙwabta suka leƙo.

Issouf ya fara sakin jiki. Ya daina cizo. Ya koyi jiran layi wurin wankin hannu, har aka ba shi riƙon buta. Wata rana Raƙiya ta nuna wa Abdulrahim shi yana raba wa wata ƙaramar yarinya ƙosansa.

"Ka gani? Ba mugun yaro ba ne. Jira ne ya gajiyar da shi."

"Ni ma jira na neman gajiyar da ni," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Jiran mi?"

"Lambar wayarki."

Ta yi dariya har ta rufe baki da mayafi, amma ta ba shi. Da yamma ya rubuta mata:

"Malamata, na dawo gida amma rabina na nan bakin ƙofarku. Don Allah a kula min da shi."

Ta amsa: "Ɗan tsere, mun ajiye shi. Wanda ya kawo shi ne zai zo ɗauka, ka san doka."

Ya karanta saƙon nan har sai da cajin wayar ya ƙare.

Kafin gero ya kai gwiwa magana ta yi ƙarfi. Ya tura ƙannen mahaifinsa daga Bambeye wurin Alhaji Sa'idu, mahaifin Raƙiya. Dattijon ya karɓe su da mutunci, ya sa aka kawo fura, sannan ya nuna musu wata mace da ke shanya a tsakar gida.

"Kun ga waccan? Kaltumi ce, yayar Raƙiya. Mijinta ya ce mata zai je ya gaida abokinai. Yau ɗiyanta ba su san kamanninsa ba. Na ba ɗan bida ɗiya guda, ba ni ƙarawa."

Ba a yi faɗa ba, ba a ɗaga murya ba, kuma babu wanda ya iya cewa dattijon ya yi ƙarya.

Ga kuma Jibrilla, ma'aikacin ofis mai guga a riga, wanda ya daɗe yana neman Raƙiya. Shi ba ya zuwa ko'ina. Kullum yana gari, kullum yana gaida Alhaji a masallaci. Wata safiya Abdulrahim ya hango shi a ƙofar koloni yana miƙa wa Raƙiya kwali, tana karɓa da murmushi. Biskit ne ya kawo wa yara, amma mai kishi ina ya ga lokacin tambaya? Ya juya ya tafi zuciyarsa na tafasa.

Ta rubuta masa: "Lafiya yau ba ka tsaya ba?"

Ya amsa: "Lafiya lau."

Ta sake rubutawa, ya yi shiru. Kwana da kwanaki yana kawo yaro yana ɗauka, ba ya yarda su haɗa ido. An gama maimai, wato noma na biyu, abokansa sun fara ɗaure jaka. Ya yi ta juya abin a ransa. In ya zauna, me zai nuna wa Alhaji? In ya tafi ya samo abin hannu, wataƙila a dube shi da daraja. Ko kuwa ya tarar an ɗaura da Jibrilla. Ko zaune ko tsaye babu daɗi. A ƙarshe ya yanke shawara irin wadda ya gada: ya tafi ba tare da kowa ya sani ba.

Rahinatu, uwar Issouf, kaɗai ya faɗa wa, ya roƙe ta ta je ɗaukar yaron. Da safen ya durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum.

"Da la'asar zan dawo."

"To, Baba Abdu," in ji Issouf, ya ruga wurin abokansa ko waiwaye bai yi ba.

Wannan rashin waiwayen ya bi shi har cikin mota. Suka bar Tawa bayan azahar, hadari na haɗuwa ta gabas. Ya kasa zama daidai, har na kusa da shi ya ce, "Malam, ƙaya ce a kujerar?"

A Badagishiri aka tsaya sallar la'asar. Yana sallamewa waya ta yi ƙara. Saƙon Raƙiya ne.

"Jibrilla ya ce ya gan ka a tasha da jaka. Ban yarda ba sai da Rahinatu ta zo. Ba don kaina nake rubuto maka ba, ni babba ce, zan iya haɗiyewa. Issouf ya ƙi bin uwarsa. Bai yi kuka ba, bai ciji kowa ba. Yana zaune bakin ƙofa da butarsa. Ya ce mu daina damuwa, Baba Abdu ba ya ƙarya."

Ya karanta, ya sake karantawa. Damina guda aka yi ana lallaɓa zuciyar yaron nan har ta yarda da mutum, shi kuma zai rushe ta a yini ɗaya. Direba na ta danna oda. Abdulrahim ya hau ya sauko da jakarsa.

"Kai, ina za ka? Ba a maida kuɗin mota hwa!" in ji direba.

"Riƙe. Ana jirana."

Wata babbar motar siminti ce ta ɗauke shi a baya. Ruwa ya kece a hanya, ya jiƙe sharkaf, yana ta roƙon Allah kada yaron ya tashi daga wurin, yana kuma roƙon kada sanyi ya kama shi. Ana kiran magariba ya diro a Tawa, ya kama gudu cikin taɓo.

Suna nan a ƙarƙashin rumfar ƙofa: Rahinatu, Madam Alisabatu, Raƙiya da idanu jajur. Ga kuma Alhaji Sa'idu da laima, ya biyo sawun ɗiyarsa da ya ga ba ta koma gida ba.

Issouf ya miƙe, ya dubi dattijon. "Ba na faɗa maka ba?" Sannan ya juyo. "Baba Abdu, ka yi latti."

Abdulrahim ya zube a gabansa ya rungume shi. "Na yi latti. Ka yafe min."

Alhaji ya dubi jakar da ke ɗigar ruwa. "Daga ina?"

"Daga Badagishiri, Baba. Abijan na nufa. Ban yi wa kowa bankwana ba."

"Mi ya maido ka?"

"Na ce mishi zan dawo."

Dattijon ya dubi Issouf. Sannan ya ce, "Na zauna nan ina gaya wa yaron ga shi haƙura, waɗanda sunka tahi ba su waiwaye. Ya ce min nasa daban ne." Ya gyara riƙon laima. "Ba ni hana namiji nema. Amma in tahiya ta kama ka, da rana za ka fita, ka dubi idonta ka faɗi ranar dawowa. Ka iya?"

"Na iya, Baba."

"Turo manyanka bayan girbi."

Raƙiya ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba. Da suka kama hanya ta matso ta ce a hankali, "Ɗan tsere, ban huce ba hwa."

"Na sani, Malamata."

"Kwalin nan biskit ne na yara."

"Wa ya ce miki na tambaya?"

"Fuskarka."

An ɗaura aure da kaka, gari cike da ƙanshin sabon gero. Yaran koloni suka girbe 'yan zangarniyoyin tassarsu, Madam Alisabatu ta sa aka daka, aka dama wa amarya fura a ƙwarya guda. Ba ta da yawa, amma Raƙiya ta ce ba ta taɓa shan mai daɗinta ba. Jibrilla ma ya zo, ya yi addu'a ya tafi da mutuncinsa. Alhaji Sa'idu ya ɗora hannu a kan su biyun ya ce, "Allah shi ba ku zaman lahiya, Shi sa a riƙa ganinku tare." Jama'a suka amsa da amin, Kaltumi ta fi kowa ɗaga murya.

Washegari da safe Issouf ya biyo ta gidan amarya da jakar lekol a baya. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya gyara tsayuwa kamar babba, ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Baba Abdu, Tanti, zan tahi lekol. Da azahar zan dawo. Kar ku yi kuka."

"Muna nan," in ji Abdulrahim. "Za ka tarar da mu."