Baƙuwar da ke Rufin Mota

Marecen da abin ya fara, Malam Riskuwa bai fito da niyyar taɓa kowa ba. Mota kawai ya fito gyarawa.

Motar tsohuwa ce, irin mai taga a rufi. Ya saye ta tun yana ma'aikatar gona, yana jigilar takardu daga Birnin Kebbi zuwa Sakkwato a sa musu hannu. Ta tsufa, shi ma ya tsufa, ba mai yi wa wani gori. Yanzu ba ta zuwa ko'ina, tana nan cikin gida ƙarƙashin dogonyaro, amma kullum da safe sai ya wanke ta. Bayan la'asar kuma sai ya shiga mazaunin direba ya ja ƙofa, ba ya fitowa sai an kira magariba. Tun rasuwar matarsa Asiya yake haka. 'Yarsa Laure, wadda ita kaɗai ta rage masa a gidan, takan hango bakinsa yana motsi ta gilashi, ba ta taɓa tambaya ba. Tsakaninsu sai gaisuwa, sai ta ajiye masa tuwo ta koma madafa.

Da damina ta kankama, ruwa ya fara ɗiga daga gefen tagar rufin, daidai kan kujerar gaba inda Asiya take zama. Wannan ya dame shi ƙwarai. Labbo makanike ya ce masa laifin ba na gilashin ba ne. A kusurwoyin tagar akwai 'yan ramuka, kowanne da siririn tiyo da ke bi ta jikin mota ya zubar da ruwa ƙasa bayan taya. Ganye da laka ne suka toshe su, sai a zura wayar birkin keke, a bi da ruwa.

Riskuwa ya taka turmi ya zuge tagar. Ya tarar da ruwa kwance a kwarmin, baƙi wuluk, da sanyi kamar na randa. Ya kwashe ruɓaɓɓen ganye, ya zura waya, ta shige a ko'ina sai ramin ɓangaren Asiya, inda zanzaro ya yi gini har ciki. Ya soka, ya murɗa, abu ya ƙi. Rana ta yi ja, kaji suka hau makwanci. Wani da ya bari sai gobe, amma Riskuwa ba a haife shi da bari sai gobe ba. Ya ce Laure ta kawo masa ruwan da ta ɗora na tuwo.

Ta kawo yana tururi, ta tsaya riƙe da shi.

"Baba, magariba ta yi."

Ko yaron goye ya san ba a zubar da ruwan zafi da almuru, in kuwa ya zama dole sai da bisimilla. Riskuwa ya karɓa ya tuttula, bakinsa a rufe. Tiyon ya yi wani irin kakari, laka ta ɓalle, ruwa ya tsiyaye bayan taya. Daga nan sai wani siririn nishi ya fito daga rufin. Laure ta dafe kafaɗarta ta durƙusa.

Bayan an idar da salla aka fara jifa. Ba da ƙarfi ba, ɗaya bayan ɗaya, a kan kwanon ɗakinsa. Ya fita da fitila, ba kowa, sai curin laka mai danshi da gansakuka a jiki, irin na bakin gulbi. Da gari ya waye, kafaɗar Laure ta yi bororo kamar an ƙona ta, alhali ko ɗigo bai taɓa ta ba.

Ta daina cin abinci. Gefen zaninta kullum a jiƙe, ko ba ta je kusa da rijiya ba. Idan la'asar ta yi sai ta taso a hankali, ta buɗe motar, ta zauna a kujerar uwarta, ta zuba wa kujerar direba ido. Riskuwa ya daina shiga. Wata rana ya yi ƙarfin hali ya leƙa ya kira sunanta, sai ta ce, da muryar da ba tata ba:

"Asiya, ban iya kallon ɗiyagga, kamarku ta yi yawa."

Maganarsa ce. Shi ya faɗe ta a cikin motar nan, gilashi a rufe, ba kowa. Tsoro ya kama shi, kunya ta fi tsoron yawa. Ya sa takalmi ya tafi Gwadangaji wurin Malam Hodi, dattijon da aka sani da karatu a kan irin wannan lalura.

Malam Hodi ya zo da yamma. Ya sa aka kawo ƙwarya da ruwa, ya zauna kan buzu a bakin ƙofar motar, ya fara karatu ƙasa-ƙasa. Iska ta ɗauke. Ya daɗe yana yi kafin Laure ta sunkuyar da kai, muryar wata tsohuwa ta fito.

"Ya isa, Malam. Ban zo da hwaɗa ba."

"Wace ce ke?"

"Ta gulbin Argungu ce ni. Ranar da anka kai matar Riskuwa Gulma anka binne, ya biyo ta cikin ruwa da motagga yana kuka. Ni ma ba ni da kowa, dangina sun watse tun da daɗewa. Sai na hau. Magudana ta toshe, ruwa ya zauna, ni ma na zauna. Da rani yana wanke mota kullum, wurina bai taɓa bushewa ba. Yana magana, ina saurare. Ban taɓa cutar da shi ba. Shi ya ƙona ni, ko sunan Allah bai kira ba, balle in kauce."

Riskuwa ya sunkuyar da kai.

"Ya yi laihi," in ji Malam Hodi. "Ɗiyar ba ta yi ba. Mi kike so ki hita?"

"A mayar da toshiya yadda take. A bar mini yarinya daga la'asar zuwa magariba, sauran yinin nata na. Shekaru ina jinai, ba ni da bakin amsawa. Yanzu na samu."

Sai fuskar Laure ta juyo wajen ubanta, muryar ta sauya, ta yi laushi, ta zama wadda ya fi sani a duniya.

"Malam, ka rame. Ba ka cin abinci ne?"

Riskuwa ya dafa motar. Ya san ba Asiya ba ce. Shi da kansa ya koya wa baƙuwar yadda Asiya take magana, marece bayan marece. Amma sani daban, kewa daban, kuma gaskiya ya so ya amsa. Sa'a guda ko biyu a yini, mene ne a ciki? Malam Hodi bai taimake shi ba, cewa kawai ya yi:

"Riskuwa, ɗiyarka ta. Kai ke da magana."

Ya dubi hannun Laure da ke kan cinyarta. Ya bushe, duk jijiya, da tabon wuƙa a yatsa wanda bai san ranar da ta samu ba. Ashe ya daɗe bai dube ta ba.

"A'a," ya ce, da ƙyar. "Ki yahe mini ƙunar da na yi miki. Amma ki ba ni ɗiyata."

Aka fara jin ladan daga nesa.

"To a mayar da ni gulbi," in ji tsohuwar muryar. "Cikin motagga, shi da kansa. Kuma ka ji, Riskuwa, na shiga na gani. Ɗiyagga ma tana magana ita ɗai a madafa. Ita ba ta samu ko irina ba."

Laure ta yi atishawa ta sulale kan kujera. Ruwan ƙwaryar ya motsa, ba wanda ya taɓa shi.

Da safe Labbo ya zo ya tura motar har ta tashi. Riskuwa ya kama hanyar Argungu, Laure a baya rungume da ƙwaryar a rufe da faifai. A bakin gulbi, nesa da masunta, ya durƙusa ya yi bisimilla a fili, ya zuba ruwan a hankali. Ba abin da ya faru. Gulbi ya ci gaba da tafiyarsa. Ya ji wani irin maraici sabo, kamar ya sake dawowa daga jana'iza.

Da za su juyo, Laure ta nufi ƙofar baya yadda ta saba. Ya riga ta, ya buɗe mata ta gaba.

Hadari ya same su a hanya. Ruwa ya sauko sosai, yana dukan tagar rufin, yana bin magudanarsa yana zuba ƙasa. Kujerar ta zauna a bushe. Riskuwa ya buɗe baki ya rasa ta inda zai fara, don ya saba da mai saurare wadda ba ta amsawa.

"Laure," ya ce, idonsa a kan hanya. "Mi kika cewa in kina madafa ke ɗai?"

Ta kalli gonakin shinkafa suna wucewa.

"Da Inna nika magana, Baba."

Ya gyaɗa kai. Birnin Kebbi ba ta da sauran nisa, sai ya sassauta ƙafa a kan totur.