Magini Jatau da Kusurwar Ganuwa

A can zamanin da ake yaƙi da kwari da baka, an yi wani magini mai suna Jatau. Sarki ya sa shi ya kewaye fadarsa da ganuwa a bisa tudu, ƙauyen manoma kuwa yana kwance a gindin tudun.

Rani uku Jatau da mutanensa suna jera tubali, har ganuwa ta tashi, kaurinta ya isa mutum biyu su jeru a kai, ga ƙofa mai rufin azara.

Ranar da sarki zai duba aiki, Jatau ya bi bangon tun da safe. Ya ƙwanƙwasa, ya saurara. Ya ƙwanƙwasa, ya saurara. Da ya kai kusurwar gabas, sai ya ji cikinta fanko ne. Shi kaɗai ya ji.

Sarki ya iso, ya yaba, ya ce a yafa wa Jatau alkyabba.

Jatau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a dakata. Kusurwar gabas sai an rushe ta. Na sa tubalin da bai bushe ba."

Sarki ya ɓata rai, ya je ya ƙwanƙwasa da kansa. "Ni ban ji komai ba!"

"Ni na ji, ranka ya daɗe. In damina ta sauka, kan gidajen mutane za ta faɗa."

Sarki ya leƙa ƙasa, ya ga mata suna daka. Sai ya ce, "A rushe."

Washegari, ba tare da an yi shela ba, mutanen ƙauye suka hau tudun don taya Jatau sake ginin, maza da kwandunan ƙasa, mata da tulunan ruwa.