Abin da Ke Ƙarƙashin Zanen Dada

Kin gani da idonki, kika kauda kai. Kin je dubiya, kin ajiye ledar lemu, kin hango roba tana leƙowa daga zanen mara lafiya, kika ce "Allah ya ƙara sauƙi", kika zura takalminki. Mata goma sha ɗaya ne suka yi haka a ɗakin Hajiya Dada a Tafoki kafin Amatullah ta iso.

Kwana tara ke nan da yi wa Dada tiyatar hanta. An sallamo ta da siririyar roba a gefen ciki, mai ɗigar da ruwa cikin wata 'yar jaka.

"Sahibata, gaisuwa kawai, ki fito," in ji Salahuddeen, autan Dada, yana tare ta a zaure. "Da ƙyar ta yarda ki shigo."

Amatullah ta sani. Ma'aikaciyar jinya ce daga Ƙanƙara, kuma Dada ta rantse ɗanta ba zai auri "mai buɗe jikin mutane" ba. Shafa'atu take so ya aura, ɗiyar ƙaninta daga Sabuwa, wadda ke jinyarta.

"Ƙasa zan ta kallo har wuyana ya ƙage," in ji Amatullah.

"Yauwa, amaryata!"

Ta cika alkawari. Ta durƙusa, ta sunkuyar da kai kamar surukar kirki... sai idonta ya faɗa kan jakar, an tura ta bakin gado, zane ya rufe rabinta.

Ruwan da ke cikin jakar kore ne, da ratsin rawaya.

Ta ɗago kai.

"Hajiya, ya jiki?"

"Da sauƙi," Dada ta amsa, gumi na bin wuyanta, hannunta dafe da ciki.

Surukar da ba ta ma shigo gida ba, ina ita ina taɓa zanen uwar miji? Amatullah ta runtse ido, ta yi bisimilla, ta ɗaga.

"Innalillahi! Ke ɗiyar nan, mi kike yi?"

"Kin gani ko, Gwaggo?" Shafa'atu ta tafa hannu. "Na faɗa maki ba ta da kunya! Ciwon ne ke fita, kowa ya ce alheri ne. Sau uku nake zubarwa kullum."

"Ranar da aka sallamo ta, wane launi ne?"

"Kamar... ruwan wankin nama."

"Yaushe ya koma kore?"

"Shekaranjiya."

Amatullah ta ɗora hannu a goshin Dada. Zafi rau! Farin idonta ya fara rawaya. Ta ɗan danna cikin, tsohuwa ta saki ƙara.

"Hajiya, ba ciwo ke fita ba, ruwan maɗaciya ne. Hanta ke yin shi. In an yanke ta, wata 'yar hanya kan ƙi rufewa, ta dinga yoyo. Na jaka mun gan shi. Wanda ke taruwa cikinki shi ke kawo zazzaɓin, kuma shi ke kisa. Yanzu za mu koma asibiti."

"In kika ƙara taɓa ni, ki manta da ɗana!"

Salahuddeen na bakin ƙofa, yana roƙonta da ido. Shekara biyu suna jiran wannan gaisuwar...

"Na manta da shi, Hajiya," ta ce. "Salahuddeen, tada mota!"

"An manta da ni, amma ana aikena?" ya ce. Sai dai kafin ya rufe baki har ya kai zaure.

Shafa'atu ta rarumi jakar. "Bari in zubar, kada a ga ƙazanta..."

"Kada ki kuskura! Ita likita zai fara dubawa. Kuma kada wanda ya ja robar."

A gaban a-kori-kurar da Salahuddeen ke kai masara kasuwar Yankara suka zaunar da Dada. Tun daga Tafoki har babban asibiti tana faɗa, Amatullah na riƙe da jakar tana cewa, "Haka ne, Hajiya."

Aka gwada ruwan, aka ɗauki hoton ciki, aka ga inda ya taru, aka zuƙe shi. Aka ɗaura mata maganin kashe ƙwayoyin cuta. Washegari likita ya bi ta baki da na'ura mai kyamara, ya saka 'yar roba a hanyar maɗaciya, ruwan ya koma bin hanji, wurin yoyon ya samu ya warke.

"Da kun ƙara kwana biyu," in ji likitan, "da ba wannan hirar muke ba."

Amatullah ba ta ƙara shiga ɗakin ba. A baranda take tsayawa ta tambayi Shafa'atu launi, ita kuwa ta amsa kanta a ƙasa.

Rana ta takwas Dada ta ɗaga murya.

"Ina mara kunyar nan? Ta zo ta duba mani jakata!"

Ta shiga, ta durƙusa. Ruwan ya washe, saura ɗan kaɗan.

"Ya yi kyau, Hajiya."

"Kin ce kin manta da shi?"

"Na ce..."

"To ki tuno shi. Ya rame kamar karan dawa, ya ishe ni da tagumi!"

"Dada, a gabanta?" Salahuddeen ya rufe fuska.

"Rufe mani baki! Wadda ta ga cikina, mi kuma zan ɓoye mata?"

Bayan kaka aka ɗaura aure. Dada da kanta ta ɗaga mayafin amarya a gaban mata, tana cewa, "Ramuwa nake!"

Ke kuma da kika gama dariya, akwai wadda aka yi wa tiyata a danginku ko a layinku. Tashi ki je. Ki ɗaga zanen, ki dubi jakar, ki taɓa goshi. In kin ga kore ko rawaya, ga zazzaɓi ko ciwon ciki, kada ki tsaya a "Allah ya ƙara sauƙi". Ki kai ta asibiti yau!