Jirgin da Ya Kwana a Mindelo

"Ba inda za ki je."

Ivandra ta tsaya cak, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Mahaifiyarta, Nha Bia, ko ɗagowa ba ta yi ba daga kifin da take farkewa.

"Mama, tun wancan watan fa na gaya miki..."

"Kin gaya mini, ni ma yanzu na gaya miki. Jirgi ya shigo da baƙi, kafin rana ta take za su cika mini rumfa. Ni zan gasa, ni zan zuba, ni zan wanke kwanuka, don saurayinki ya sauko daga sama?"

"Daga ruwa dai," Ivandra ta ce ƙasa-ƙasa.

"Ai shi ya fi muni. Mijin ruwa ba miji ba ne, baƙo ne. Je ki tambayi ubanki, in kin san inda yake."

Maganar ta soke ta. Tana goye mahaifinta ya hau jirgi zuwa Turai, ya ce damina biyu kawai zai yi. Har yau Nha Bia na gasa kifi a gaɓar teku ta ƙauyensu São Pedro, shi kuwa an ce ya yi jikoki a can.

Amma Valdir daban ne, haka Ivandra take gaya wa zuciyarta kullum. Ɗan tsibirin Santo Antão ne, mai sanyin murya, mai kunyar da in ya kalle ta sai kunnuwansa su yi zafi. Shekara ta biyu ke nan yana aiki a ɗakin wanki na jirgin 'yan yawon shaƙatawa, can ƙasa inda babu ko taga. Jirgin ya leƙa tashoshin duniya kala-kala, bai taɓa biyowa ta gida ba sai yau. Kuma zai kwana.

Yini ɗaya aka ba Valdir, daga hantsi zuwa kafin faɗuwar rana. Wayarsa ba ta da layin ƙasar, sai yana cikin jirgi ake samunsa, don haka tun makonni suka tsara komai. Za ta tare shi a ƙofar tashar jiragen ruwa ta garin Mindelo. Su taka zuwa dandalin Praça Estrela inda ake lodi, su hau motar haya, kujerar baya, ita a jikin taga. Su ci kashupa, dambun masara da wake da nama mai romo, da ta kwana tana dafawa. Su shiga ruwa. Da la'asar ya durƙusa gaban Mama ya faɗi abin da ke tafe da shi.

Har rigar rawaya ta ɗinka saboda ranar.

"Wa ya taɓa mini gimbiya da sassafen nan?"

Djosa ne, direban farar motar haya da ke jigila tsakanin ƙauyen da gari. Ya jingina da sandar rumfa yana kaɗa makulli a yatsa. Duk São Pedro an san ya daɗe yana bin Ivandra, an kuma san Nha Bia tana ajiye masa kan kifi mafi girma.

"Wai sai ta je taro ɗan wankinta," in ji Nha Bia.

"A'a, a kan wannan ake ɓata rai? Ni da zan shiga gari kwaso Turawa? Ki zauna ki taya tsohuwa. Na san shi ai, wani siriri kamar kugiya. Zan kawo miki shi har nan, ko kuɗin mota ba zai biya ba."

Ivandra ta dube shi.

"Da gaske kake, Djosa?"

"Haba ƙanwata. In ban samu ba, ai na yi hidimar biki."

Ta dubi mahaifiyarta, ta dubi gawayin da ko hurawa ba a yi ba. Ta aika wa Valdir saƙon murya: "Rabin raina, ba zan samu zuwa ba. Ka nemi Djosa a ƙofar tasha, farar mota. Ina jiranka."

Ya amso da dariya a muryarsa: "Ko a bayan jaki ne zan iso, masoyiyata."

Ta ɗaura zane a kan rigar rawaya, ta hura wuta.

Baƙi suka fara sauka, fatarsu ja kamar dafaffiyar ƙaguwa. Wannan na tambayar kwalekwalen zuwa ganin kunkuru, waccan na son a cire mata ƙaya daga kifi. Ivandra tana zubawa, tana murmushi, idonta na kan hanya.

Duk motar da ta tayar da ƙura sai ta miƙa wuya ta leƙa.

Ba shi ba ne.

Wata ma ta zo.

Ba shi ba ne.

Rana ta take, ta karkata. Ta kira Djosa, wayar na shiga ba a ɗauka. Ta kira Valdir duk da ta san ba za ta shiga ba. Kashupar da ta rufe a gefe ta huce, kitsen samanta ya daskare.

Sai da inuwar kwalekwale ta yi tsawo sannan farar motar ta ɓullo. Ivandra ta yar da cokali ta ruga. Turawa suka sauko ɗaya bayan ɗaya, tana leƙen bayan kowa.

Motar ta zama wayam.

"Ina yake?"

Djosa ya sosa ƙeya. "Ƙanwata, na tsaya har ƙafata ta yi sanyi. Ban gan shi ba."

"Ƙarya ne... Ya ce zai fito."

"To, ma'aikata kam sun fito, biyu-biyu, kowa da 'yar rakiyarsa. Kin san rayuwar jirgi. Ni dai ban ce komai ba."

Ba ta san lokacin da ƙafafunta suka kai ta bayan wani kwalekwale da aka kife ba. Nan ta zauna, ta cusa fuska cikin zane. Kukan ma ƙin fitowa ya yi.

Rana ta kusa taɓa ruwa wayarta ta yi ƙara.

"Ivandra..." Muryarsa a dishe take. "Me na yi miki?"

"Ni kake tambaya? Tun safe nake tsaye a bakin hanya!"

"Wace hanya? Ni tun hantsi ina Baía. Djosa ya ce Mama ta rantse ba zan taka rumfarta ba, don haka kin ce a kai ni can, za ki sulale ki same ni. Ya sauke ni, ya ce zai dawo da ke."

Baía tana can ɗaya gefen tsibirin, kuma ranar aiki irin ta yau sai mutum ya yini bai ga motar haya ba.

"Na zauna a bakin ruwa," ya ci gaba. "Duk macen da ta ɓullo daga nesa sai na miƙe. Har wata 'yar tsohuwa ta tausaya mini ta ba ni biredi. Da na ga lokaci zai ƙure sai na kama hanya a ƙasa, wata motar yashi ce ta ɗauko ni. Da ƙyar na shigo kafin a rufe mana."

"Ba ka ari wayar kowa ba?"





"A hanya Djosa ya ce mini... an kusa sa muku rana, ke da shi. Ya ce so kike ki gaya mini da bakinki, inda ba kowa. Na ji tsoron in kira ki tabbatar."

"Ka yarda da shi ke nan."

"Ban yarda ba. Ban kuma iya ƙaryatawa ba. Na daɗe ba na nan, Ivandra."

Ta runtse ido, hawayen da suka ƙi zuwa ɗazu suka ɓalle.

"Gobe zan zo tasha. Ko minti ɗaya ne ka roƙa."

Da ta koma rumfa ta tarar Djosa ya ja motarsa ya tafi. Nha Bia tana kankare ƙarfen gashi.

"Mama, da saninki?"

Hannun tsohuwar ya tsaya, sannan ya ci gaba.

"Na ce masa kada ya kawo mini shi. Inda ya kai shi, wannan ban sani ba."

"Yini ɗaya, Mama. Yini ɗaya kacal na roƙa."

"Ni ma da yini ɗaya aka fara mini."



Gari na wayewa ta shiga motar Nho Lela, tsohon direban da ke kai mata masu sayar da kifi kasuwa. Aka matse ta tsakanin kwanduna.

"Wannan kwalliya haka, ko kyaftin ne ya aiko?" wata ta tsokane ta.

"Kyaftin ɗin kumfa," wata ta amsa, motar ta kwashe da dariya.

Nho Lela ya hango fuskarta ta madubi. "Ku bar yarinya," ya ce.

A tasha, jirgin ya tsaya fari ƙal, ya fi duk wani gini na Mindelo tsawo. Baƙi na komawa da hulunan kaba da kwalaben tsaraba. Mai gadi ya ce ba mai shiga sai da kati, ya nuna mata shingen waya.

Can ta hango shi yana tahowa da gudu cikin fararen kayan aiki.

Ya rame. Yatsunsa da ya zura ta cikin waya duk sun yi saɓa saboda sabulu. Ta kama su da hannu biyu.

"Kin yi kyau," ya ce, kunnuwansa na ɗaukar zafi kamar da.

"Rigar jiya ce. Warin hayaƙi take yi."

"Shi nake mafarki kullum."

Suka yi dariya, dariyar ta rikiɗe ta zama kuka.

Ya zaro wani ɗan zobe daga aljihu. "Jiya na so in ba ki, a gaban Mama. Amma akwai maganar da zan fara faɗa..."

Ya sunkuyar da kai.

"Na sake sa hannu a takardar aiki, Ivandra. Wani zagayen."

"Ka ce wannan ne na ƙarshe."

"Rufin gidanmu bai kammalu ba. Ƙanwata tana tsakiyar karatu. In na sauka yanzu, me za su ci? Wannan, wataƙila da wani bayansa, shi ke nan."

"Wataƙila..."

"Na rantse miki."

"Yaushe ka sa hannun?"

"Tun kafin mu baro Turai."

Ashe duk makonnin da take ƙirga kujerar mota da lokacin shiga ruwa, shi ya riga ya san bankwana zai zo yi.

"Valdir, dube ni. Ga ƙofa can. Fito. Kawuna yana neman mutum a kwalekwalensa, ba za mu yi arziki ba, amma za mu ci. Zan taya ka riƙe ƙanwarka. Ka fito kawai, masoyina... ka fito."

Ya dubi ƙofar. Ta ga ƙafarsa ta motsa.

Sai wani ya ƙwala masa kira daga bakin matakalar jirgi.

"Ba zan iya ba," ya ce, hawaye na bin kumatunsa. "Ki jira ni. Don Allah ki ƙara jira."

Ya turo zoben ta cikin waya. Ta kalle shi, ta daɗe tana kallo. Sannan ta naɗe masa yatsunsa a kai, ta mayar da hannun ciki.

"Jiya na yini ina kallon hanya," ta ce a hankali. "Yini ɗaya, na ji kamar zan mutu. Ba zan iya mayar da shi rayuwata ba. Ina sonka, Allah ya sani. Amma kai ma jiya ka gani, har ka fara yarda an ɗauke ni. In ka ƙara shekara biyu, me za mu rage wa juna?"

"Ivandra..."

"Je ka, ana kiranka. Allah ya tsare mini kai."

Ya tafi yana waiwaye. Ba ta bar jikin shingen ba sai da ƙofar ƙarfe ta haɗiye shi.

A Praça Estrela farar motar ce a kan layi. Djosa ya buɗe mata ƙofar gaba yana murmushi.

"Ƙanwata, wanda ya tafi ya tafi. Mu da muke ƙasa..."

"Djosa." Ba ta ɗaga murya ba. "Ko kai kaɗai ka rage a tsibirin nan, da kai da motarka, zan tafi a ƙasa."

Fasinjoji suka yi tsuru-tsuru. Ta koma gefe ta zauna a rana, har sai da Nho Lela ya gama lodi.

Ta iske rumfar ba baƙo ko ɗaya. Nha Bia ta dubi hannun 'yarta, ba zobe, ta dubi idonta. Ta matsa mata a kan benci, ta miƙa mata wuƙa da kifi.

Suna cikin aiki ƙahon jirgin ya karaɗe gaɓar. Ya ɓullo ta mashigin ruwa, yana tafiya a hankali kamar ba ya son wucewa. Yara suka ruga suna ɗaga masa hannu.

Wuyan Ivandra ya fara juyawa.

"Kada ki kalla, 'yata," Nha Bia ta ce. "Ni na kalla. Har yau ban iya dainawa ba."

Ivandra ta mayar da kanta ƙasa. Hawaye na ɗiga a kan kifin, tana kankarewa, har ƙarar jirgin ta ɓace.