Ƙyallen Shaddar Habibullah

Ranar kasuwar Maigatari suka fara haɗuwa, kuma da faɗa aka soma. Naja'atu na tsugune a shagon wani tela tana tsince ƙyallaye tana zubawa a buhu, sai ga wani dogon saurayi ya shigo karɓar ɗinkinsa. Ya dube ta, ya dubi buhun, ya ce wa telan ƙasa-ƙasa, "Wannan baiwar Allah lafiyarta ƙalau kuwa?"

Ta ji shi sarai. Ta miƙe ta kakkaɓe hijabinta.

"Ƙalau nake, Malam. Malamar sakandare ce ni, ɗinki da tsara sutura nake koya wa 'yan mata a wani ƙauye bayan Sule Tankarkar. Keken ɗinki biyu gare mu, yadi kuwa ko ɗaya babu. Abin da kuke zubarwa, da shi muke karatu."

Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa fuskarsa. Sunansa Habibullah, ɗan Gumel, likitan dabbobi ne da ke zuwa kara duba shanu duk ranar kasuwa. Don wanke laifi ya tattara ragowar shaddarsa ruwan toka ya miƙa mata, ya saɓa buhun ya kai mata tasha. Lambarta kuwa a wajen telan ya roƙa.

Kafin ta isa gida saƙo ya shigo: "Malama, ni ne mai dogon bakin nan na shagon tela. A yafe mini. In akwai gurbin ɗan dako a ajinki, ina nema."

Ta yi murmushi ba ta so ba, ta rubuta: "Akwai gurbi. Sharaɗi ɗaya, ka koyi kama bakinka."

Daga nan fa babur ɗinsa ya koma motar ƙyalle. Daga Gumel zuwa Gagarawa babu telan da bai sani ba. Yana kawo mata tsofaffin zif, buhunan shinkafa, guntayen atamfa da leshi, ɗalibanta suna mayar da su jakunkuna da siket da rigunan yara. Yana kiranta Sarauniyar Ƙyalle, ita kuma in ta so tsokana ta ce Ɗan Dakona.

Shaddarsa ta rarraba wa ɗalibai, sai guntu ɗaya da zuciyarta ta hana ta bayarwa. Shi ta ɗinka ta yi wa wayarta jaka.

To, jakar nan ce ta jawo mata. A wani biki a Gagarawa, Ummukulsum, 'yar ƙanwar mahaifiyar Habibullah, wadda ta daɗe da sa rai da shi, ta ƙyalla ido ta gane shaddar a hannun Naja'atu. Ko walima ba ta tsaya ci ba, ta kai wa mahaifiyarsa Hajiya Kande labari da zafinsa.

Ku dai kun san mutanenmu. In aka ce mace ta riƙe ƙyallen tufafin namiji, ba a tunani biyu, sai a ce an kai wa boka an ɗaure shi.

Hajiya Kande ta dafe ƙirji. "Shi ya sa. Likita guda yana bin shaguna da buhu kamar mai tsintar bola, ashe ba yin kansa ba ne. Habibu, muddin ina numfashi yarinyar nan ba za ta shigo gidan nan ba."

Wai don Allah ina hankali a nan? Yarinya ta yi karatunta, ta bar birni ta zo ƙauye tana koya wa 'ya'yan mutane sana'a, sakayyar da za a yi mata ke nan? Amma magana ta riga ta fita. Teloli suka fara ɓoye ƙyallensu in sun hango ta. Matan da da suke yi mata sannu da aiki suka koma tattare gefen mayafi in ta gifta. Iyaye suka janye 'ya'yansu daga ajinta, shugaban makarantar kuma, maimakon ya tsaya mata, sai ya ce a rufe ajin ƙarshen mako har magana ta lafa.

Duk wannan ta shanye. Abin da ya ƙona mata rai shi ne saƙon Habibullah: "Sarauniyata, ni na san ƙarya ce. Amma ki ba ni jakar in kai wa Hajiya ta ƙona, hankalinta ya kwanta mu huta."

Cikin takaici ta mayar masa: "In na ba ka aka ƙona, na amsa laifin ke nan, kuma har 'ya'yana za a riƙa nunawa da shi. Ina sonka, Habibullah, amma ba zan saye ka da sunana ba. Mai son ƙyallensa ya zo aji da rana tsaka ya karɓa a gaban jama'a."

Ya karanta, ya gane ya tafka kuskure. Ya je ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya karanta mata saƙon tas. Hajiya ta yafa mayafi ta ce ai kuwa za ta je, ta ga ƙarshen rashin kunya.

Suka iso da hantsi, ita da shi da Ummukulsum. Ɗaliban da suka rage sun jera aikinsu na jarrabawa a kan benci. Naja'atu ta durƙusa ta gaishe da Hajiya, ta zare wayarta ta ajiye jakar a gabanta.

"Ga shi, Hajiya. Wannan na riƙe ne don ina sonsa, ba zan ɓoye ba. Sauran shaddar tana jikin aikin yaran nan." Ta juya ga ɗalibai. "Kowa ta ɗauki reza ta farke nata, a ba Hajiya kayanta."

Wata ɗaliba, Rabi'atu, ta jawo 'yar rigar da ta yi zango guda tana ɗinka wa ƙanwarta. Shaddar ce wuyan rigar. Ta sa reza, hawaye na ɗiga a kan zaren.

Hajiya ta matso, sai ta tsaya cak. Hannun rigar atamfar ita Hajiya ce ta Sallar bara. Ta ɗaga wata jaka, ga leshin Ummukulsum shuɗi a gaba.

Naja'atu ta ce, "Telanku na Gumel ya ba mu. In asiri ne, Hajiya, ai da ke na fara kamawa. Ga na Ummukulsum ya fi wata biyu a hannuna, ban ga alamar ta fara ƙaunata ba."

Wata ɗaliba ta ƙyalƙyale da dariya ta toshe baki. Ummukulsum ta sulale waje. Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta kama hannun Rabi'atu ta karɓe rezar.

"Bari, 'yar nan. Mayar da wuyan rigarki."

Ta ɗauki jakar wayar ta sa wa Naja'atu a tafin hannu, ta ce, "Na zalunce ki, Malama." Sannan ta nufi ofishin shugaban makarantar, ana jiyo muryarta har bakin ƙofa.

Ba a rufe ajin ba. Hajiya da kanta ta bi gidajen ƙauyen tana warware abin da ta ƙulla, yara suka dawo.

Ranar da aka kawo lefe, dangin Naja'atu suka buɗe akwatin farko suka ga wani ƙullin leda a sama. Ciki guntun zane ne, an yanke shi daga wanda Hajiya ke ɗaurawa kullum. 'Yar aiken ta ce, "Hajiya ta ce a ba amarya ta riƙe, ta yi duk abin da ta ga dama da shi."

Naja'atu ta rungume ƙyallen ta yi kuka har ta gode Allah.

Aka ɗaura aure a Gumel. Rigar amarya ɗalibanta suka ɗinka, shaddar ango a wuya, zanen Hajiya a daidai ƙirji.

Habibullah ya sunkuyo ya ce, "Sarauniyata, ni fa har yanzu ina jin an ɗaure ni."

Ta harare shi tana dariya. "Ɗan Dakona, sharaɗin kama baki yana nan."

Hajiya ta dafa kawunansu ta ce Allah ya haɗa kansu, ya ba su zuri'a mai albarka, ya tsare su daga bakin mutane. Duka ɗakin aka amsa da amin, Rabi'atu ta fi kowa ɗaga murya.