Waƙar Baba Istifanus

Ku matso kusa, ku rage fitilar nan. Mai fitsarin kwance ya tashi tun yanzu.

Tun zamanin kakanni, wani bawan Allah mai suna Baba Istifanus ya zauna a tsohuwar majami'ar kan dutse. Da ya rasu bai bar ko akuya ba. Waƙa ɗaya ya bari, ya ce a can kaɗai za a rera ta. Mutane suka watse, waƙar ta ɓace.

Barnaba shi ne shugaban mawaƙan cocin garinmu, ga son yabo kamar me. Wata rana da magariba ya biyo ta dutsen shi kaɗai, sai ya ji waƙa. Wani tsoho ne zaune a bakin ƙofar majami'ar. Murya tana fita, leɓɓansa ba sa motsi. Ƙarƙashin rigarsa kuwa, kofato.

Tsoro ya kama Barnaba, amma daɗin waƙar ya fi ƙarfin tsoron.

"Baba, waƙar wa ce?"

"Ta Istifanus. Ajiya ya ba ni. Ka saurara, kada ka ɗauka."

Ai kuwa ya ɗauka. Duk hanya yana maimaita ta a ransa. Ya koya wa 'yarsa tilo, Rifkatu, ta rera ranar Lahadi, manya suka yi ta share hawaye. Da aka tambaya ko waƙar ta wa ce, gogan ya bugi ƙirji ya ce shi ne.

Ba a jima ba tsohon ya yi sallama a ƙofar gidansa.

"Malam Barnaba, shari'a na kawo maka."

"Ban rage ka da komai ba, Baba. Waƙarka tana bakinka."

"Haka ne. Saniyata ce ta haihu a garkenka. Maraƙin na wa?"

Barnaba ya ce, "Naka ne mana."

"Madalla. Kai ka yanke."

Tsohon ya juya yana rerawa. Rifkatu ta ajiye tsintsiya, ta amsa, ta bi bayansa. Uban ya cafki hannunta, ya ji shi sanyi ƙalau, hannun ya sulluɓe masa. Ya zube a ƙasa yana kuka.

"Ni na sata! Ni za ka ɗauka!"

Tsohon ko waiwayowa bai yi ba. "Kai? Me zan yi da wannan muryar taka?"

Barnaba ya tsufa yana hawa dutsen kowace yamma. Yana jin muryarta a bayan bangon majami'ar, ya kira sunanta, ba ta taɓa amsawa ba.

Kada ɗayanku ya bi hanyar nan shi kaɗai. In kuma kun ji waƙa, ku toshe kunne, ko a zuci kada ku amsa.