Tsohuwar Takardar Likita

A kan dafaffen ƙwai guda ɗaya muka fara samun saɓani da surukata. Na ɓare shi ke nan zan kai wa mijina, ta tare ni a ƙofar kicin.

"Kashe mini ɗa za ki yi?"

"Inna, nas ce ta ce..."

"Nas ta fi likita ne?"

Ta nuna takardar da ta liƙa a bango, wadda likita ya ba mu tun farkon ciwon ƙodarsa: a rage nama, a rage ƙwai, a rage kifi. Inna ba ta karatu, amma ta haddace takardar nan kamar sunanta. Abin da ta ƙi ji shi ne, tun ranar da aka sa masa roba a ciki aka fara wankin ƙoda a gida, dokar ta juya. Nas ta faɗa mini cewa duk ruwan da muka zuba masa muka tsiyaye yana fita da abin gina jiki, sai ya ci sosai zai mayar.

Na sani, na kuma ja bakina na yi shiru. Yaya zan yi musu da matar da ta binne 'ya'ya uku, shi kaɗai ya rage mata? Wannan kawaicin nawa, har gobe ban yafe wa kaina shi ba.

Shi ma mijin nawa, tela, bai taimake ni ba. Sau huɗu a rana nake wanke hannu, in rufe taga, in rataye ledar ruwan a ƙusar da yake rataye tef ɗin awo. Ruwan na cika masa ciki sai ya ce ya ƙoshi. In na lallaɓo masa tsokar nama a ɓoye, ya ture yana dariya.

"Amarya, kar ki haɗa ni da tsohuwa. Cikin ma ruwa ya riga ya kama haya."

Shekararmu uku da aure, bai daina ce mini Amarya ba.

Wata bakwai muka yi a haka. Nauyinsa na hawa a sikeli, Inna na murna ɗanta ya murmure. Ni da nake cuɗa masa baya na ga abin da riga ke ɓoyewa, damtse ya zube, ƙafa ta kumbura. Keken ɗinki ma ya gagare shi takawa, sai haki.

Ranar da numfashi ya sarƙe masa da hantsi muka kai shi asibiti. Likita ya tambayi abin da yake ci, na faɗa masa. Ya ce ƙibar nan ruwa ce. Rama da kumburin jijiyoyin jini da ciwon zuciya sun haɗa kai, kowanne na ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi, zuciyar kuma ta gaji. Na tambaya ko in ya fara ci yanzu zai tashi. Ya ce za su yi iya ƙoƙarinsu, idonsa a kan fayil.

Ashe mijina ya ji komai ta bayan labule. Ya kama hannuna, tafinsa sanyi ƙalau.

"Amarya, alfarma ɗaya nake nema. Kar Inna ta san hana ni cin nan ne ya jawo."

"Ni fa, masoyi? Ni da na sani na yi shiru?"

"Ke kina da ƙuruciyar ɗauka... ita ba ta da ita."

Na kifa kaina a ƙirjinsa ina kuka, ina jin zuciyar tana bugawa a wahale. Ban taɓa son shi kamar ranar ba, ban kuma taɓa jin haushinsa haka ba.

Kwana tara ya ƙara.

Mata sun cika ɗaki suna mana ta'aziyya, Inna na gefena, ta riƙe hannuna gam. Wata maƙwabciya ta ce ai an yi jinya, sai dai kwana ya ƙare. Inna ta share ido da bakin mayafi.

"Abu ɗaya ke sanyaya mini rai," in ji ta. "Ko sau ɗaya ban bar shi ya karya dokar likita ba. Ko ba haka ba, 'yata?"

Duk suka juyo suna kallona.

"Haka ne, Inna," na ce.